Ƙashin Saniya a Muƙamuƙin Wakili

Ana sanar da jama'ar Gadarif, manya da yara, cewa wani bawan Allah a Fashaga ya daina tauna nama. Ga kukansa.

Ya ustaz, ka taimake ni. Ni wakili ne a wata gonar riɗi, ni ke ɗaukar jango, wato leburorin girbi, ni ke sallamarsu. Haƙorana na ƙasa sun zube tuntuni, tumbak, wato garin tabar da nake cusawa a leɓe, ya cinye su. Na sa na roba, ƙwayar riɗi ta riƙa shiga ƙarƙashi tana sukar dasashi, ran nan kuma ina tsawa suka faɗo gaban mutane. Na je a dasa min na dindindin. Daktora Israa ta ce ƙashin muƙamuƙina ya sirance kamar bakin lauje, ba zai riƙe dashe ba, sai ta tsaga shi ta buɗa, ta cika da garin ƙashin saniya, in jira watanni. Matata Jummare kaɗai na faɗa wa. Yanzu duk inda na bi sai jango su riƙa yi min kukan shanu, wani har harawa ya ajiye min a ƙofa. Riɗi ya kusa nuna, in ba su ji maganata ba zai fashe ya zube, mai gona ya kore ni. In fasa aikin haƙoran? In sake ta?

Mai Baki a Rufe

Malam wakili, shekaru kana cusa tumbak a leɓe ba ka nemi shawarar kowa ba, sai garin ƙashin da aka tsabtace a asibiti ne ya tayar maka da hankali. In akwai mai ƙorafi a nan, saniyar ce.

Jummare ta yi laifi, amma in ka sake ta, wa zai dama maka kunun madida watannin da ba ka tauna? Su kuma jango, wanda suke so ba sa kai masa harawa. Haƙoranka sun gaji da tsawarka kafin su.

Kada ka fasa, kada kuma ka yi cikin girbi. Rage murya, ka ba su abinci a kan lokaci, riɗi ya shiga buhu, sannan ka koma wa daktora. Tumbak kuwa ka bar shi daga yau, in ba haka ba ciwon ba zai haɗe ba, ka yi asarar ƙashinka da na saniya.

Na so in ce maka dariyar za ta wuce da kaka. Na yi kuskure, na san mutanenmu: jikokinka ma za su ji kukan shanun nan. Gara su ji shi kana cin nama. Allah ya ba da lafiya.