Sa Hannu don Idon Mukarram

Litinin, 3 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Mun dawo daga asibiti, ni da ɗana Mukarram. Likita ya ce yanar da ke idonsa na hagu ta yi kauri, a cire ta kafin ta rufe idon. Na ce bismillah, a kawo takarda. Har da ɗan jin kai, don yanzu na iya rubuta sunana, Sughra, da hannuna, an daina dangwala min yatsa a tawada. Sai matar da ke tebur ta ce a'a. Wai shekarunsa ashirin da shida, a doka babban mutum ne. Hannun uwa ba ya isa sai da takardar da ta nuna ni ce waliyyiyarsa. Nasa hannun kuma likita bai yarda da shi ba, wai da lalurar ƙwaƙwalwarsa ba lalle ya fahimci abin da ake cewa ba. Ni da na haife shi, nake yanke masa farce har yau!

Mukku, haka nake kiransa, ko a jikinsa. Tambayarsa ɗaya, ko ana ba da abinci a can.

Laraba, 5 ga Yuli

Yayarsa Nuzhat ta bugo waya daga gidan mijinta a Khandwa. Ta ce a cikin kotu akwai ofishin da lauyoyi ke taimakon talaka kyauta. Kotu! Marigayi babansu har ya koma ga Allah bai taɓa taka ƙofarta ba.

Juma'a, 7 ga Yuli

Mun je. Lauyar yarinya ce, Pranjali, ba ta kai Nuzhat ba. Na buɗe baki zan fara bayani, sai ta juya wurinsa: "Mukarram bhai, wane aiki kake yi?" Ya ce yana naɗa zare a masaƙar Ustad Hafiz, kuma duk garin nan namu na Burhanpur ba mai naɗi irin nasa. Ta ce ta yarda.

Ta ce waliccin iri biyu ne. Ko komai nasa ya dawo hannuna, ko mu riƙa yankewa tare a manyan abubuwa kawai. Na ce komai nake so. Ta kira ni Khala, wato inna, ta ce, "Ba ni ke zaɓa ba. Masu dubawa za su zo gida su gan shi da idonsu."

Lahadi, 9 ga Yuli

Maƙwabciyata Sulochana ta leƙo ta kan katanga tana tsintar shinkafa. "Sughra-bi, kada ki yi wauta. Mutanen gwamnati in suka ga yana ɗaura igiyar takalmi ma, cewa za su yi garau yake, su hana ki takardar. Sai ki zauna ki kalli idon yana rufewa." Wai haka aka yi wa wata 'yar uwarta. Ta ce in kawo kekensa ta ɓoye a bayan tankin ruwanta, ranar da za su zo kuma ya zauna lulluɓe, kada ya ce uffan.

Na kai keken.

Talata, 11 ga Yuli

A ƙasa ya tafi aiki, yana fushi. Ya dawo ya ci gurasar roti kamar ba shi ba.

Lahadi, 16 ga Yuli

Mun yi gwaji. Na ce in sun shigo me za ka yi? Ya ce in gaishe su. Na ce a'a, ka yi shiru ka kalli ƙasa. Ya ce, "Ammi, ba ke kika ce wanda bai gaida baƙo ba jaki ne?" Na ce ranar kawai. Ya ce, "To, jakin kwana ɗaya." Dariya ta ci ƙarfina har na manta inda muka tsaya.

Alhamis, 20 ga Yuli

Sun zo.

Pranjali ce ta rako su, wata likita da wani dattijo, Deshmukh sahab, duk a jiƙe. Mukku na kan tabarma cikin bargo kamar yadda muka shirya, gumi na zubo masa. Ya daure, wallahi ya daure. Sai dattijon ya yi atishawa. Mukku ya yaye bargon: "Ammi, baƙi sun sha ruwan sama kuma ba shayi?" Kafin in harare shi har ya kunna risho, ya daddaka citta, ya jera kofuna masu kyau. Ya dubi dattijon kamar baffansa ya ce, "Chacha, kai da tumbin nan, sukari cokali ɗaya." Dattijon ya yi dariya har da tari.

Likitar ta tambaye shi ko ya san abin da za a yi masa. Ya ce za a cire hazon ido, ba a son ya motsa, bayan nan ba wanka da kai sai an ce. Ya ce, "Ina jin tsoro kaɗan. Ammi ta fi ni." Suka ce wa yake so ya riƙa taimaka masa? Ya ce Ammi, in Ammi ta gaji sai Nuzhat Apa. Da ya tsaya nan! Sai ya ƙara, "Kekena yana gidan Sulochana Mausi. An ɓoye don ku zaci ban iya komai ba."

Ƙasa ta ƙi buɗewa in shige. Dattijon yana ta rubutu. A bakin ƙofa Pranjali ta matse min hannu, ban gane ko jaje ba ne.

Juma'a, 21 ga Yuli

Na karɓo keken. Ɓoyon me kuma.

Litinin, 7 ga Agusta

Takarda ta fito, alhamdulillah. Ba wadda na roƙa ba, ɗayar ce. Maganar asibiti da ta gida sai an yi masa bayani mu sa hannu tare. Aikinsa da abin da yake samu nasa ne. Bayan raina Nuzhat, sunanta na ciki. Pranjali ta karanta min, ni ma na bi da yatsa na karanta da kaina har ƙarshe. Ta ce in wani ofishi ya yi gardama in kira ta.

Sulochana ta ce ai dama ta san haka za a yi. Na aika mata alewar halwa duk da haka.

Laraba, 16 ga Agusta

An yi aikin, lafiya lau. Da muka sa hannu a takardar, sunansa ya cinye layinsa ya shiga nawa.

Alhamis, 24 ga Agusta

Mun koma dubiya. Wani sabon likita ne, ko kallon Mukku bai yi ba, ni ya fuskanta: yana jin zafi? Yana ɗiga maganin? Sai na ji bakina ya ce, "Ga mai idon nan, tambaye shi." Mura nake yi, ba na son yawan magana, shi ya sa. Sun daɗe suna magana. Ya ba shi wasu amsoshin da ni ban ma san da su ba.

Ni dai ina gefe, riƙe da lema.