Ranar da Na Ja Karafan Ɗinka Zuwa Arfa

Zuwa ga Yayana Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan Kawu a Kano, mu ma nan ƙasa mai tsarki, a unguwarmu Utaibiyya, lafiya lau, sai jikin Inna da ke ta ja da baya. Na san ba wannan kake jira ba. Shekara huɗu ke nan duk wayar da muka yi da tambaya ɗaya kake rufe ta: Inna ta huce? Ni kuma in ce maka da sauƙi, alhali ƙarya nake yi. Yau ina da amsa, amma a waya kuka zai ci ƙarfina. Shi ya sa na rubuto maka wasiƙar nan, duk mai karantawa ya karanta.

Ka dai san laifinka. Iƙamarka, takardar izinin zaman ƙasar nan, ta mutu, Inna tana bin ka da magana safe da yamma, kai kuwa kana kwance ƙarƙashin tsohuwar motar nan ta Amurka, doguwa, wadda ta girme ni. Da ka gama da ita sai ka jawo karafan, ɗan ɗakin gwangwani mai taya biyu, daga wajen masu sayar da gawar mota. Ranar da 'yan sanda suka tare ka ma fitilar bayansa ka fita nema. Kai da aka haifa a nan unguwar Jarwal, aka sa ka a jirgi zuwa garin da ba ka taɓa gani ba. Inna ta ce ka zaɓi ƙarfe ka bar uwarka, kuma tun ranar ba ta ƙara karɓar wayarka ba. Wallahi ni ma na taya ta fushin.

To, kwana goma da suka wuce sai ga ta da wata magana: Arfa take son gani. Ta ce ta yi aikin Hajji kusan talatin a filin nan, tana tuƙa tuwo tana zuba wa alhazai shayi, amma kullum tukunya take kallo. Yanzu tana son ta je ba don aiki ba, tun idonta na gani. Matsalar, bayanta ba ya barin ta zama ko na minti goma, kuma dole a sami gado da bayan gida kusa da ita. Na gwada ta a 'yar motata, ba mu kai bakin titi ba muka juyo.

Ammu Isa, abokin marigayi Baba, wanda kayanka ke ajiye a warsharsa ta gyaran mota, shi ya ce min: "Ke 'yar nan, kujerar bayan motar yayanki ai gado ce, ɗaki kuma ga shi da tayoyinsa." Ashe duk Juma'a sai ya tayar da motar ya bar ta ta yi ɗumi. Hannunsa yanzu rawa yake yi, idon ma sai a hankali, don haka tuƙi ya faɗo kaina, ni da na koyi mota ina da shekara arba'in.

Kwana uku yana koya min. Yadda ake sauke bakin karafan a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota har a ji ya ce ƙas. Yadda ake gitta sarƙoƙi biyu a ƙasa, a jona wayar fitilu. Ja da baya kuwa, ya Latif! In juya sitiyari dama, ɗakin ya nufi hagu abinsa. Sau biyu na kusa rushe masa katanga. Na zage ka a raina, Yaya, ka yafe min.

Ranar Asabar da hantsi muka kwantar da Inna a kujerar baya, ta miƙe sosai har da sauran wuri. Ta gane motar sarai. Mayafi kawai ta ja ta rufe fuska.

Ammu Isa ya shiga gaba kusa da ni, na murɗa makulli. Ba ka taɓa gaya min haka muryar motar nan take daga ciki ba, har a ƙirji nake jin ta. Muka fito daga lungunanmu a hankali, madubi na kusan gogar bango, karafan na biye yana ƙyalli. Masu shaguna suka fito suna mashallah. Wani dattijo Balarabe ya tsaya a bakin hanya da hannu a ƙirji har muka wuce. Ƙarfen da muka raina ne wannan? Kunya ta kama ni, da wani alfahari da ban san ina da shi ba.

Sai na yi abin da ya kusa halaka mu. Ka san Inna ba ta shan ruwa sai Zamzam, da shi take alwala, da shi ake shafa mata baya. Da safe na cika jarka shida na jera su can ƙarshen karafan, don kada su tare hanyar gado. Ammu Isa bai leƙa ba, ya ce kayan mata ne. Muna hawa babban titi bayan Aziziyya na ɗan ƙara gudu, sai na ji bayan mota ya fara lilo. Dama, hagu, dama, kowane ya fi na baya. A madubi na ga ɗakin nan yana neman ya sha gabanmu. Ƙafata ta nufi birki, sai Ammu Isa ya ce, a hankali kamar mai neman a miƙo masa gishiri: "Kada ki taka. Ɗaga ƙafa kawai, riƙe ta a miƙe." Na riƙe, ina salati. Motar ta yi ta rage gudu da kanta, da nauyinta ta danne lilon har ya kwanta.

Da muka tsaya ya buɗe ƙofar ya ga jarkokin, sai ya kama haɓa. Ya ce nauyi gaban taya yake zama, in ya koma baya shi zai tuƙa ku. Na dawo da su gaba ɗaya bayan ɗaya. Inna dai carbinta take ja.

Yaya, ka taɓa ganin Arfa babu kowa? Ni ban taɓa ba. Fili har iyakar ido, itatuwan darbejiya jere, tituna masu faɗi ba mota ko ɗaya, masallacin Namira a rufe, dutsen can tsaye. Wurin da muka sani ba a jin maganar na kusa saboda talbiyya, yau kukan tsuntsu ake ji. Na kashe mota, tsigar jikina ta tashi. Na rasa abin faɗa sai Allahu akbar.

Muka kamo Inna zuwa karafan. A nan ne abin ya faru. Ta ɗaga ƙafa, matakin ya yi daidai da ɗagawarta. Ta miƙa hannu ba ta duba ba, sai ga ƙarfen riƙewa a inda hannun ya sauka, ƙasa ƙwarai, wurin da dogon mutum kamarka ba zai taɓa sa wa kansa ba. Ta zauna a gado, tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa. Ta kwanta, taga ta zo saitin idonta, dutsen na ciki. Ni na share ɗakin nan da hannuna ban lura da komai ba. Ammu Isa daga waje ya ce: "Hajiya, da zare ɗanki ya auno gadonki, ya auno tsayinki a jikin ƙofa kina barci." Haba Yaya! Shekara uku ana yi maka faɗa, bakinka ya kasa cewa don ita kake yi?

Ta daɗe tana shafa bangon da tafin hannu. Bayan la'asar ta ce in tayar da ita ta dubi alƙibla. Ta ɗaga hannu, na zata Baba za ta fara yi wa addu'a. Kai ɗan fari ne, tun da nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai "wancan" ko "yayanku". A filin Arfa, ina riƙe da kafaɗarta, na ji ta ce: "Ya Allah, Auwalu. Auwalu ɗana. Na yafe masa, shi ma ya yafe min." Ta faɗa da ƙarfi, ba ta ji kunyar Ammu Isa ba.

Mun dawo lafiya kafin magariba. Jikin nata ya ƙara sanyi tun ranar, ba zan ɓoye maka ba. Wayata tana ƙarƙashin matashinta, ita ta ce in bar ta a nan. Kada ka jira wayarmu ta Juma'a, Yaya. Kana gama karanta wannan ka kira, za ta ɗauka.

Allah Ya ba ta sauƙi, Ya sanyaya maka zuciya, Ya yi wa hannunka albarka. Allah Ya sa ku ga juna ido da ido, in ba a nan ba, a gidan da babu mai tambayar takarda. Amin.

Ƙanwarka da ta raina aikinka, ta kuma tuba,
Zulai