Batirin Marigayi Ɗanjuma

Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da mai ɗakinka da yara. Yaya Jos da aikin kuza? Mu nan Tudun Wada lafiya, sai abu ɗaya.

Injin jirgin ruwanmu da Baturen gandun daji ya bar wa Baba, batirinsa ya mutu. Na je Kano na ga mai kauri, irin wanda yake wuni yana aiki, na ce mu saya. Baba ya ce karatun jarida ya ɗaga mini kai. Ya karɓo na Ɗanjuma matuƙin jirgin Baturen, wanda aka tsamo tare da gawarsa, ko tofin Sarkin Ruwa bai jira ba. Kayan wanda ruwa ya ci fa.

Ran Laraba da rana tsaka muna kan ruwa na cire wayar batirin da hannuna, farfela ta ci gaba da juyawa tana jan mu gurbin da Ɗanjuma ya nitse. Da filafili muka tuƙa muka ƙwaci kanmu. Wai ƙarfin ruwa ne, in ji Baba. Da rani, Yaya?

Na rantse ba na ƙara shiga. Maganarka yake ji, ka rubuto masa maza. Ka gaida Kawu Isa, ku sa mu a addu'a. Yanzu haka Baba yana kan ruwa shi kaɗai.

Ƙanenka,
Habu