Littafin Dodanni da Mijin Binta

Litinin, 3 ga Maris 1986, Belbeji

Ba aiki. Ga ni likitan dabbobi a ƙasar da fari ya kwashe dabbobinta. Mahmudu direba ya kawo mini wani littafin Faransanci daga Damagaram, a wajen masu tsofaffin littattafai ya tsinto shi. Dodo mai fiffike a bango. Na yara ne. Na jefa shi a durowa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ciro shi. Ba a karanta shi a jere. Kai ne mutumin cikin labarin: in ƙofar dama za ka bi, je lamba kaza, in ta hagu, lamba kaza. In dodo ya tare ka sai ka jefa 'ya'yan lido biyu, su za su ce wa ya sari wani. Na ɗebo na lidon gida, matata Balki ba ta gani ba. Da furfurata.

Talata, 11 ga Maris

Mahmudu ya ce jeri ne, kowanne da lambarsa. Wai a Ingila aka fara su, Faransawa suka juya kwanan nan, yanzu 'yan lise, babbar sakandaren Damagaram, musanyarsu suke hannu da hannu. Na ce ya samo na biyu, wai don ɗan wana. Ya dube ni.

Na san abin da ya kama ni. A ciki in ka zaɓa, abin da ya biyo baya naka ne. In ka mutu sai ka koma lamba ɗaya da takobinka. A shekarar fari na tsaya a kwarin Tarka da allura a hannu shanu na zubewa, ba dama ba hagu.

Juma'a, 14 ga Maris

Abin da na yi yau.

Da hantsi ina rumfar bayan biro, wato ofishinmu, ina jefa 'ya'yan lido ina gunaguni, ban ji shigowar Binta ba. Matar Gajere, wanda ya kora ragowar shanunsa kudu lokacin fari, har yau shiru. Ta daɗe a tsaye, ashe. Ta durƙusa ta ce, "Likita, ashe kana duba. Duba mini shi."

Sai in ce mata me? Ina yaƙi da dodon takarda? Na kalli littafin kamar mai karatu, na ce, "Yana raye."

Ta rufe fuska da mayafi. Ta yi ta sa mini albarka har bakin ƙofa.

Lahadi, 16 ga Maris

Ta aiko da ƙwan zabi. Na kasa ci.

Laraba, 19 ga Maris

Mutum biyu sun zo, ɗaya raƙuminsa ya ɓata, ɗaya ciwon uwarsa. Na kore su da faɗa. Balki ta ji a rijiya cewa mijinta ya zama boka, da littafin aljannun nasara. Ta tambaye ni tana kallon ƙasa. Na ce surutun mata ne. Da dare ba ta ci tuwo kusa da ni ba.

Duk da haka na buɗe na biyun da rana. Na ƙetare gadar kwarangwal. Daɗin da na ji ma abin kunya ne.

Talata, 25 ga Maris

Ɗanmalam, wan Binta, ya zo daga Olelewa da amalanke don ya kwashe ta da yaranta uku, can akwai hatsi. Ta ƙi. Ta ce Likita ya gani, Gajere na tafe, ba zai tarar da gida a rufe ba. Ɗanmalam ya same ni a biro, bai ɗaga murya ba. Ya ce cikin ƙaramin yaron ya kumbura, sau ɗaya suke ci a yini. Ya ce in na tabbata, shi ma zai jira.

Laraba, 26 ga Maris

Ban je ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na je, da littafin a hannu, Balki ta raka ni. A gaban Ɗanmalam na buɗe, na nuna mata dodon, na nuna 'ya'yan lidon. Na ce wasa ne, yaran makaranta ke yi, ban ga komai ba, ban san komai ba game da Gajere, kunya ce ta sa na faɗi abin da na faɗa.

Ta daɗe tana kallon hoton. Na so ta zage ni. Ta ce, "Tun da ya tafi ban yi barci irin na kwanakin nan ba." Sai ta miƙe ta fara naɗe tabarmi.

A hanya Balki ta ce, "Malam, da ni ka nuna wa tun farko, dariya kawai zan yi."

Asabar, 29 ga Maris

Sun tafi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na fita rangadi rijiyoyin Tarka, karon farko tun bara. Akwai awaki fiye da yadda nake zato. Duk inda na tsaya na tambayi Gajere. Wani Bafulatani ya ce ya ga mai kama da shi a Maraɗi yana ga-ruwa, ya kira sunansa, mutumin ya juya baya ya shige lungu. Mai yiwuwa ba shi ba ne. Ba zan aika wa Binta ba sai na gani da idona.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na nemi izinin kwana kaɗan. Na rubuta cewa taya zan sayo wa babur ɗin aiki, kuma gaskiya ne, ta cinye. A Damagaram ma ana samunta, amma ta Maraɗi ta fi ƙarko, haka ake cewa. Balki ta ɗaure mini ƙuli da dabino, da wata tsohuwar rigata mai kyau. Na ce wannan ta mece ce, ta matse ni tun tuni. Ta ce ba don ni ba ce, mutum ba ya son shiga garinsu da tsumma.

Na sa ta a jaka.