Notin Inci

Asabar, 5 ga Oktoba

Mun ci ƴan garin Gympie a wasan harbin fenti, amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Bayan wasa muka zauna a dogon teburin rumfa, kowa yana kwance makarsa yana wankewa. Maka, ba bindiga ba. Duk wanda ya ce bindiga a filin nan shi zai gasa tsiran nama ranar. Yaya Clive ne ya kafa wannan dokar, shi ne kuma ya kafa ɗayar: ba mai taɓa makar wani.

Yau ina kallo alanki, ɗan ƙarfen nan na kwance noti, yana suɓuce masa. Yatsun sun kumbura, sanyin ƙashi ya ci su. Ya yi ta fama da ɗan ƙaramin noti, a ƙarshe ya cusa makar a jaka da fentinta da komai. Wai zafi ne ya dame shi. A mota ya ce, "Narelle, nemo mini mai saye. Wasan yara ne, na girme shi." Mutumin da ya koya mini harbi a bayan garejin Baba. Raina ya ɓaci sosai.

Talata, 8 ga Oktoba

Na karɓo makar, wai zan nuna wa mai saye. Ba wani mai saye.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Dabara ta zo mini ina wanke kwanuka. Ai harbi bai gagare shi ba, kwancewa ce ta gagare shi. A cire ƙananan notikan nan masu buƙatar alanki, a sa masu babban kai da ake murɗawa da tafin hannu. Shi ke nan! Na je shagon kayan ƙarfe na kwaso su, ina ta yi wa kaina kirari a hanya. Wasan ƙarshe na shekara ranar ashirin da shida ne. In bai buga wannan ba, na san halinsa, ba zai ƙara dawowa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na kashe makar. Wayyo ni.

Notin ya shiga da ɗan tauri, na ce sabo ne, na ƙara ƙarfi. Sai na ji ya saki, yana juyawa kawai ba ya kamawa. Tiredin, wato haƙoran cikin ramin da ke kama noti, ya cinye. Makar daga Amurka Clive ya yo odarta tun ina da baƙin gashi, notikanta na inci ne, ni kuwa na milimita na sayo kamar kowane ɗan ƙasar nan. A ido iri ɗaya suke, wallahi.

Na kira Tupou, mai tsaron bayanmu a wasa. Ya yi dariya har sai da na ji matarsa tana tambayar lafiya. "Ke ƴar uwa, kin aura wa Ba'amurkiya ɗan gida ba ki tambaye ta ba?" Na ce ya bari sai an binne ni sannan ya yi dariyar. Ya ce in kawo ta garejinsa.

Laraba, 16 ga Oktoba

Tupou ya faɗaɗa ramin, ya dasa sabon tiredi a ciki, na milimita wannan karon. Da muka ga ya zauna daram, muka bi sauran ramukan duka. Na sa wa maƙallin da ke bayanta ɗan zobe da ake ja da yatsa ɗaya. Na ɗaura safar gasa burodi a hannu na gwada, don in ji yadda hannun Clive yake ji. Ta kwance, ta haɗu, ba iskar da ke fita. Na yi rawa a garejin mutane.

Sai Tupou ya ɓata mini daɗin. "To ya za ki ba shi? Ki ce ga makar tsofaffi?" Gaskiyarsa. Clive zai gwammace ya jefa ta a dam da a ce an tausaya masa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na yi wa tawa irin aikin. Tupou ya yi wa tasa. Glenda, ƴar ƙungiyarmu, ta kawo tata da ta mijinta, ba wanda ya faɗa mata dalili, ba ta kuma tambaya ba. Yanzu makar kowannenmu ta yi kawuna kamar tsohuwar rediyo. Muni kam akwai shi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na ce masa mai sayen ya fasa, ya zo ya karɓi kayarsa a fili. Ya zo da takalmin wasa a ƙafa, wai su ne kusa da ƙofa.

Ya juya makar a hannu ya daɗe. Ya dubi tawa, ya dubi ta Tupou. "Wane mara aikin yi ne ya ɓata mini maka?" Na ce yayi ne, kowa ya gaji da neman alanki a cikin ciyawa. Tupou ya ce, "Dattijo, kai kaɗai aka bari a baya." Clive ya ce ƴan zamani ragwaye ne, ya sa abin rufe fuska.

Mun sha kashi, amma wa ya damu. A wasan nishaɗi na ƙarshe aka raba mu, ya ɓuya a bayan tayoyi ya dirka mini fenti ruwan ɗorawa a gindi. Har yanzu a karkace nake zaune. Ina jin dariyarsa tun daga can.

A tebur kowa ya sunkuyar da kai, wai yana aikinsa, alhali duk shi muke kallo ta gefen ido. Ya murɗa, ya ja zoben, makar ta buɗe. Ya wanke, ya shafa giris, ya mayar. Ya riga Glenda gamawa har yana yi mata tsiya. Na tashi na je duba tsiran nama, don idona ya cika.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Clive ya kira da safe. Ya yi ta zagaye, zancen ruwan sama, zancen karensa. Can ya ce, "Ƙanwata, famfon kicin ɗina ma ya yi taurin kai kwana biyu. Da murfin tankin mota. Ko masu yayin naku suna da dabara?"

Tun da aka haife ni bai taɓa roƙona komai ba, shi ne kullum mai gyara. Na ce zan leƙo in na samu sarari, ina da aiki da yawa. Ina ajiye wayar na ɗauko akwatin kayan aiki na sa a mota.