A Bar Mu Mu Shigo Da Injinmu Cikin Gari

Zuwa ga Shugaban Ofishin Hukumar Raya Ƙasashe da ta kawo mana shirin man gyaɗa na mata.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Sunana Malama Asabe, tsohuwar malamar firamare, shugabar ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli a wani ƙauye da ke yammacin Tofa. A cikin cibiyar da kuka gina mana nake wannan rubutu, ni kaɗai, sai injin matsar mai da ke kallona. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne domin na gaji da yin ta a bakin ƙofofin ofis.

Na ɗaya. Kafin zuwanku, a tsakar gidana muke aiki. Gidajenmu a manne suke, akwai 'yan ƙananan ƙofofi tsakaninsu, mace za ta zo wurina ba tare da ta taka waje ba. Nan ake suyar gyaɗa, a murza, a matse tunkuza a turmi, ana hira ana tsiya. Wahala ce, hannu har ya yi kanta, amma tare muke sha. Da jami'arku ta zo ta tambaye mu me muke so, muka ce inji. Ba mu ce gini ba.

Na biyu. Na karanta yarjejeniyarku tun daga bango har bango. Masu ba da tallafi na ƙasar waje su sayi inji, hukumarku ta kula da aiki, gwamnati ta ba da fili a matsayin nata kason. Filin da aka bayar yana can bakin kwalta, gefen tashar mota, bayan gonaki. Na faɗa a taro cewa matan aure a garinmu ba sa fita irin wannan wuri, kuma babu uwar da za ta tura 'yarta ta wuni kusa da tasha. Wani jami'in ma'aikatar gwamnati ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, motocin baƙi ba za su iya shiga lungunku ba." Ashe don baƙi aka yi ginin.

Na uku. Ranar da baƙin suka zo, mota aka cika da mata daga wani gari, aka raba musu atamfa iri ɗaya, suka yi guɗa aka ɗauki hoto. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Na ga hoton daga baya a rahotonku, ina tsaye a tsakiya kamar uwar biki a gidan da ba a gayyace ta ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Na roƙi a bar mu mu mayar da injin cikin gari. Ofishinku ya ce an riga an miƙa wa gwamnati. Ma'aikata ta ce tambarin masu tallafi ne a jikinsa, ba ta da ikon motsa shi. Masu tallafi kuwa aka ce sun rufe wannan babi, sun koma wata jiha. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wannan ce kaka ta uku da ake cire gyaɗa a garinmu injin yana zaune.

Yallaɓai, ba ƙarfe nake wa kuka ba. Mata sun ga makulli a hannuna, sun ga hotona, suka yanke cewa na cinye rabonsu. "Injin Malama" suke kiransa. Inna Larai, wadda muka yi shekaru muna tuƙa tunkuza a turmi ɗaya, ta sa an toshe ƙofar da ke tsakanin gidana da nata da tubali. Da na je yi mata bayani, ko tabarma ba ta shimfiɗa mini ba, ta ce, "Ke da kika yi boko ai kin san abin da kika sa wa hannu." Mijina ya rasu, 'ya'yana suna birni. Tsakar gidan da ba a jin maganar juna don hayaniya, yanzu motsin kaji nake saurare. Duk Alhamis nakan zo nan in tayar da injin don kada ya yi tsatsa, ya yi ta ruri babu ƙwayar gyaɗa a cikinsa, in kashe in koma.

Buƙatata ba ta da yawa. Ku zauna ku uku, ko ku yi waya, ɗayanku ya ba da izini a rubuce. Sannan ku turo wanda zai tsaya gaban mai unguwa da matan gari ya faɗi gaskiyar wanda ya zaɓi wannan fili.

Idan ba ku yi ba, ga sanarwa tun da wuri. Da zarar an gama roron gyaɗa, zan kawo amalanken shanu da rana tsaka in ɗauke injin zuwa gidana, in aika wa Inna Larai ta fara kawo tata. Wanda ya tabbata nasa ne a cikinku, ya zo ya kama ni. Zan yi masa maraba, domin shi ne mutum na farko da zai tako wannan cibiya saboda mu.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka kunnen sauraro, ya sa ka gama da aikinka lafiya.

Wassalam.

Malama Asabe