Usur da Keken Ɗinkin Uwargida

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin 'yarmu, ya kuma jaririn da ya ƙwace mini ke? Ki gaya masa kakansa ya ce aro ya ba shi, ba kyauta ba. Ni lafiya lau nake, in ban da cikina da ya faɗa hannun girkina. Na koma rubuta miki wasiƙa ne don duk sanda na kira ki a waya, da kukan jikanki nake gaisawa. Direban da ke zuwa wajenku zai miƙa miki.

Keken ɗinkinki yana nan a kusurwar falo, lulluɓe da zanensa. Ban manta gargaɗin da kika yi mini a bakin mota ba, cewa gadon mahaifiyarki ne, in ko allura ta ɓace kada in zo tarbarki tasha. Kullum sai na ɗaga zanen na gaishe shi kafin in tafi laburare.

Ga labarin layinmu. Bayan tafiyarki an shiga gidan Mai Kemis da rana tsaka, aka ɗauke masa tukunyar gas, ruwan shayi yana tafasa a kai. Ɓarawon ɗan gidan tarbiyya ne, don sai da ya sauke butar a ƙasa ya rufe ta kafin ya fita.

Nan da nan Kwamanda ya kira taro. Kin san shi, mai gidan ƙarshen layi, wanda ya yi ritaya daga aikin kwana-kwana amma har yau bai daina neman abin da zai kashe ba. Ya raba wa kowane gida usur. Ƙa'idarsa ita ce wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba ya busa, wanda ya ji kuma ya busa nasa ya fito a guje, ko da sabulu a idonsa. Ya ce ban da tsayawa kulle ƙofa, don a aikinsu mai tsayawa neman makulli toka yake tararwa.

Mai aski ya ɗaga hannu ya ce, "Kwamanda, in kowa yana busawa, ta yaya za mu san inda aka fara?"

Kwamanda ya ce su a wurin aiki hayaƙi suke bi.

Mai aski ya ce, "To shi ɓarawon hayaƙi yake yi?"

An yi dariya, Kwamanda bai yi ba. A ƙarshe aka tsayar cewa da an ji usur, kowa ya taru a ƙofar gidan Kwamanda, daga nan a binciki wanda ya fara. Ni aka naɗa sakatare, saboda a ganinsu mai tabarau ba ya kuskure. Na karanta tarihin yaƙe-yaƙe da dama, ban taɓa cin karo da runduna mai yawan tumbi irin tamu ba, amma ba zan ɓoye miki ba, usur ɗin ya yi mini kyau a wuya. Ranar Asabar za mu yi atisaye.

Ki kwantar da hankalinki, gida bai taɓa samun tsaro kamar yanzu ba. Ki gaida surukinmu.

Mijinki,
Mai Tabarau

*

Zuwa ga uwargidana, mai haƙuri tun asali,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da angon ƙarni, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Idan jaririn yana hannunki, ki miƙa wa uwarsa kafin ki ci gaba da karatu.

Keken ɗinkinki ya ɓace.

Na fara wannan wasiƙa sau da yawa ina yagewa. A wata na fara da zancen ƙaddara, a wata na kawo miki labarin manyan dauloli da suka rushe. Sai na tuna kin san ni, duk sanda na hau dogon tarihi tambayata kike yi me na fasa.

Ranar Asabar da hantsi ina karanta jarida sai usur ɗin Kwamanda ya tashi. Uwargida, da kin ga mijinki da kin yi alfahari. Na tsallake kujera, na bar ƙofa a wangale kamar yadda doka ta ce, ƙusar ƙyaure ta kama wandona na zuwa ofis ta yaga, ban ko waiga ba. Ni na zo na uku. Mai Kemis ya iso da ludayi, mai aski da almakashi, wanda yake yi wa aski yana biye da shi da rabin kai. Mata da yara duk sun fito, layi ya dawo ƙarshensa kaf. Kwamanda ya jera mu ya yi mana lacca a kan sanya ido, tun inuwa tana gabanmu har ta koma ƙarƙashin ƙafafunmu, yana yi muna amsawa da usur.

Da na koma gida na tarar da zanen a ninke tsaf a kan kujera, kusurwa kuma wayam, sai sawun ƙafafun keken huɗu a kan leda. Na tsaya ina kallon sawun nan. Na tuna da dararen da kika yi a kansa kina ɗinka wa yara kayan makaranta lokacin da albashina ba ya kai mu ƙarshen wata. Sai na rasa abin yi, na busa usur. Kowa ya sake rugawa gidan Kwamanda, aka bar ni ni kaɗai a falo.

Mun kai rahoto ofishin 'yan sanda. Jami'in ya tambaya ta ina aka fasa, na ce ba a fasa ba, a buɗe na bari. Ya tambayi dalili, na ce saboda tsaro. Ya ajiye bironsa ya daɗe yana kallona.

Kwamanda ya ce kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na ce masa mai kayan ce nake tsoro, ita ma ranarta tana zuwa. Na bi shagunan teloli da masu sayar da tsofaffin kaya har sun fara ɗauka ni ma ɗinki zan koya.

Ba ni da bakin ba ki haƙuri, amma ina bayarwa. Ko zagi ne ki aiko, shirunki ya fi shi ciwo.

Mijinki mai laifi,
Mai Tabarau

*

Zuwa ga uwargidana, wadda ban san ta iya mugunta ba sai yanzu,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da 'yarki kuna lafiya, kuma cikinku ya daina ciwo saboda dariya. Ki shafa mini kan jaririn, shi kaɗai ne ba ya cikin maƙarƙashiyar.

Jiya da la'asar ina kwance, na ajiye tabarau, ina tunanin ko in sayar da littattafaina in saya miki wani keken, sai usur ya tashi. Mai aski ne ya hango tasi ta tsaya a ƙofar gidanmu, direba da wata mata suna kokawa da wani abu mai nauyi a bayan motar. Ni ban san haka ba. Na zabura na fita ba tabarau, na yi karo da mutane biyu ɗauke da kaya a bakin ƙofata, har na ce musu sannunku da aiki, ku matsa mini. Suka matsa. Na wuce gidan Kwamanda a guje.

Sai da aka taru aka gama haki sannan mai aski ya iso ya ce ai a gidan sakatare abin yake. Kwamanda ya raba mu gida biyu aka yi wa gidan ƙawanya. Muna sanɗa muka ji ƙara daga falo, kir-kir-kir. Ko a mafarki na san wannan ƙara. Mai Kemis ya raɗa mini cewa shi dai bai taɓa jin ɓarawon da ya dawo da kaya ya kuma zauna yana aiki ba.

Kwamanda ya banka ƙofar da ma a buɗe take. Sai ga ƙanwarki Auta zaune a kan keken, a kusurwarsa, tana ɗinke wandona da ya yage.

Ta ɗago ta ce, "Yaya, sannu da gudu. Sau biyu ke nan ina zuwa gidan nan a 'yan kwanakin nan, ban taɓa ganin gidan da ke tarbar baƙo hannu bibbiyu irin naka ba."

A gaban runduna ta kwance mini zani a kasuwa. Ta ce kina gama karanta wasiƙata ta farko kika kira ta kika ce ta je ta ɗauke keken ta adana miki a gidanta kafin usur ya cinye shi. Ta zo ranar Asabar, ta yi sallama har muryarta ta dishe, usur kawai ke amsa mata daga nesa. Ta ce da ta ga dama da har katifa ta ɗauka. Ta kuma ce wasiƙata ta biyu a bayyane kika karanta wa 'yarmu, kuna dariya har jariri ya farka, sannan kika ce a bar ni in ɗan dahu tukuna kafin a dawo da keken.

Kwamanda ya gyara murya ya ce in rubuta cewa kwamiti ya yi nasarar dawo da kayan da suka ɓace. Auta ta ce in ƙara da cewa kwamiti ya biya kuɗin tasi. Matar Mai Kemis kuwa ta ce daga yau duk namijin da ya ji usur ya bar mata ƙofa a buɗe, to ya nemi wurin kwana a gidan Kwamanda. Sauran mata suka goya mata baya, aka sauya doka nan take: wanda ya ji usur ya tsaya a bakin ƙofarsa ya duba hagu da dama, mai busawa kuma mutum ɗaya ne, wanda ya ga abin. Kwamanda ya ce da ma abin da yake nufi ke nan tun farko.

Na yi niyyar yin fushi, amma duk sanda na kalli kusurwar nan na ga zanen ya koma mazauninsa sai fushin ya ƙi zuwa. Gidan dai har yanzu da saura, keke ba ya amsa gaisuwa.

Saura magana ɗaya, gara ki ji daga bakina. Allura ɗaya ta karye a wandona. Kin ce in ta ɓace, ba ki ce in ta karye ba, kuma na adana guntayen biyu a gidan tabarau don shaida. Saboda haka, tunda Auta ta gaya mini ranar dawowarki, zan zo tasha. In kin ga na ɗan makara kada ki damu, ƙofa na tsaya kullewa.

Mijinki har kullum,
Mai Tabarau